Ruwan Lagireto: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ɗauki Buta

A gidaje da yawa, aikin safe na ɗan sakandare sananne ne. Ya share ƙofar gida, ya wanke motar Baba, sannan ya ɗaga bonet ya leƙa lagireto. In ya ga ruwa ya yi ƙasa, sai ya ɗauko buta ya cika daga randa ko famfo, ya mayar da murfi, ya saɓi jaka ya nufi makaranta. Mu ma haka muka taso muna yi, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana abin da ruwan nan yake yi a cikin inji, balle a ce mana ruwan butar da muke zubawa yana cin ƙarfen motar a hankali.

Ku lura da gefen manyan hanyoyinmu a watan Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40. Da wuya ku yi tafiya mai nisa ba ku ga mota a tsaye ba, bonet a ɗage, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a inuwar bishiya, direba yana neman mai jarka. Galibin irin wannan tsayuwa ba a ranar take farawa ba. Tana farawa ne watanni ko shekaru kafin nan, a cikin lagireton da ba a taɓa wankewa ba. Wankin lagireto da sabon ruwa kuɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta da sauke inji, kuma a gida da yawa motar nan ita ce abin neman abinci, ita ce ke biyan kuɗin makarantarku. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu buɗe bonet tare da ku.

Daga ina zafin yake fitowa?

Injin mota wuta yake ci. A cikin kowace silinda, fetur da iska suna haɗuwa, fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa. Wannan yana faruwa sau dubbai a cikin minti ɗaya. Zafin wutar da ke cikin silinda a daidai lokacin ƙonewa yana wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyon da ake ƙera yawancin injinan yanzu da shi yana narkewa ne a digiri 660.

Ba duk ƙarfin fetur ne ke juya taya ba. A kimance, kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama tafiya. Wani kashi ɗayan yana fita ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi. Ragowar kashi ɗayan yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma dole a kwashe shi a fitar, in ba haka ba ƙarfe ya kumbura, baƙin mai ya tsinke ya daina aikinsa, fistin ya cije a cikin silinda.

Hanya biyu ce ake kwashe wannan zafi. Ta farko da iska. Ku dubi injin babur ko ƙaramin janareto, za ku ga ƙarfensa yana da tsage-tsage kamar haƙoran mataji. An yi su ne don iska ta ratsa ta ɗauke zafi. Tsohuwar motar nan Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas a shekarun 1970, ita ma da iska take sanyaya, ba ta da lagireto ko kaɗan. Hanya ta biyu da ruwa, kuma ita ce kusan duk motocin yau ke bi. Lagireto mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma ya shahara ne tun 1901, lokacin da injiniyan Jamus Wilhelm Maybach ya sa shi a motar Mercedes ta farko.

Me ya sa ruwa? Waɗanda ke ajin kimiyya sun san amsar daga darasin Fiziks. Ana buƙatar kimanin jul 4,200 kafin a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Abubuwa kaɗan ne ke iya shanye zafi haka. Ku gwada lissafin: in mota tana ɗaukar lita 6, wato kilo 6 na ruwa, kuma zafinsa ya tashi daga digiri 30 zuwa 90, ruwan ya shanye 6 sau 4,200 sau 60, wato jul 1,512,000.

Hanyar da ruwan yake bi

A cikin jikin inji akwai ramuka da aka yi musamman, sun kewaye silindodi kamar riga. Famfon ruwa, wanda a yawancin motoci bel ne ke juya shi, yana tura ruwa ta cikin waɗannan ramuka. Ruwan ya kwashi zafi, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto. A nan zai rarrabu cikin siraran bututai masu yawa, iskar da ke bugowa daga gaban mota ta ratsa tsakaninsu ta ɗauke zafin. In mota tana tsaye a cunkoso, babu iskar gudu, sai fanka ta tashi ta jawo iskar da kanta. Ruwan da ya huce ya koma inji ta tiyon ƙasa, zagayen ya ci gaba.

A bakin hanyar fita daga inji akwai wani ɗan ƙaramin mai gadi da ake kira tamostat. A cikinsa akwai kakin da ke narkewa ya kumbura in ya ji zafi. Da safe, inji yana da sanyi, tamostat yana rufe, ruwa yana zagaye cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumama. Da zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai ya buɗe hanyar lagireto. Da haka inji ke zama a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wato wajen digiri 90 zuwa ɗan sama da 100.

Sai murfin lagireto, wanda mutane da yawa ke ɗauka marfi ne kawai. Ku duba samansa, za ku ga an rubuta lamba kamar 0.9 ko 1.1. Wannan ma'aunin matsin da yake riƙewa ne. Aikinsa irin na tukunyar nan mai murfin kulle da ake dafa wake ko ganda. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a wuri mai tudu kamar Jos ma bai kai haka ba, wajen 96. Amma in an matse shi kamar yadda murfin ke yi, sai ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. In matsin ya wuce ƙa'ida, murfin yana sakin rarar ruwa zuwa farar gorar roba da ke gefe, in inji ya huce kuma ya zuƙo shi ya dawo. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka maye gurbinsa da tsumma da leda, ba ya riƙe matsi, don haka ruwa zai tafasa tun inji bai kai ko'ina ba.

Laifin ruwan buta

In ruwa ya iya ɗaukar zafi haka, mene ne aibin zuba shi zalla? Aibi uku ne.

Na farko tsatsa. Cikin inji akwai baƙin ƙarfe da alminiyon, a tsofaffin motoci har da tagulla da dalma. Ruwa mai zafi da iska in sun haɗu da ƙarfe, tsatsa ce sakamako. Sannan in ƙarfe iri biyu suna jiƙe a ruwa ɗaya, sai su zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya. Shi ya sa za ku buɗe wani lagireto ku ga ruwansa ja-ja kamar ruwan kududdufi. Wannan launi jikin injin ne ke zagwanyewa. Tsatsar tana cinye fukafukan famfon ruwa, tana huda bututan lagireto, tana kuma taruwa ta toshe hanya.

Na biyu farar ƙasa. Ku leƙa cikin butar dafa shayi da aka daɗe ana amfani da ita, za ku ga wani farin abu ya manne a gindinta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam da ya narkar daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A darasin Kimistiri ana kiransa ruwa mai tauri. In aka dafa shi, sinadarin ya rabu da ruwa ya daskare a jikin ƙarfe. Inji kuwa kullum dafa ruwan yake yi. Wannan ɓawo ba ya barin zafi ya ratsa, kuma bututan lagireto sirara ne ƙwarai, ɗan kaɗan ya isa ya rufe su. Duk safiyar da kuka ƙara ruwan buta, kun ƙara sabon kashi na wannan ƙasa. Ruwan leda ma bai tsira ba, domin an tace shi ne don sha, ba lallai ne an cire masa waɗannan sinadarai ba.

Na uku, ruwa zalla yana saurin tafasa. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ba ya kwashe zafi kamar ruwa, kuma famfo ba ya iya tura shi.

To mene ne kulant?

Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda makanikai ke kira kulant, abu uku ne a haɗe. Akwai tataccen ruwa da babu ƙasa a cikinsa. Akwai wani sinadari mai suna etilin gilaikol, wanda masanin kimiyyar Faransa Charles-Adolphe Wurtz ya fara haɗawa a shekarun 1850. Sai kuma ƴan sinadarai kaɗan masu hana tsatsa, waɗanda ke shafe jikin ƙarfe da wata siririyar kariya.

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da Rasha, babban amfanin gilaikol shi ne hana ruwa daskarewa, domin ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura har ya fasa inji. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Wannan ne ya sa wasu a nan suke cewa mu da ba mu da ƙanƙara ba ruwanmu da kulant. Sun manta da sauran amfaninsa. Haɗin rabi da rabi ba ya tafasa sai wajen digiri 107, in aka haɗa da matsin murfi kuma ya wuce 125. Ga kuma kariya daga tsatsa, wadda inji ke buƙata a Kano kamar yadda yake buƙata a Mosko.

Kada kuma a ce tunda yana da kyau bari a zuba shi tsantsa. Gilaikol bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba, abin da yake ɗauka ya ɗan wuce rabin na ruwa ne kawai. Tsantsarsa zai sa inji ya fi zafi. Don haka a karanta jikin galan da kyau. Wani an riga an sirka shi, zubawa kawai za a yi. Wani kuma mai kauri ne, sai an sirka da tataccen ruwa. A yi hattara a nan: a shagunan batir ana sayar da tataccen ruwa, ana kuma sayar da ruwan asid, kuma duka biyun wasu na kiransu ruwan batir. Asid ba ya shiga lagireto ko da wasa.

Game da launi, rini ne kawai ake sa wa don a gane yoyo. Na Toyota na zamani ruwan hoda ne, na Honda shuɗi, tsohon samfuri galibi kore. Amma launi ɗaya ba ya nufin sinadari ɗaya, kuma akwai na jabu a kasuwa da bai wuce ruwa da rini ba. Araha ba ta ado. Abin dogaro shi ne littafin da ya zo da mota, ko abin da kamfanin ya rubuta game da samfurin. Gauraya iri biyu daban-daban yana rage ƙarfin kariyar, wani lokacin ma ya haifar da dauɗa mai kauri da ke toshe bututai.

Yaushe ake canzawa?

Gilaikol kansa ba ya saurin lalacewa. Sinadaran hana tsatsa ne ke ƙarewa a hankali, daga nan ruwan ya fara tsami ya koma cin ƙarfen da yake karewa. Tsohon samfuri ana canza shi duk bayan kimanin shekara 2. Samfurin zamani mai dogon zango yana kai shekara 5. Toyota, alal misali, ta ƙayyade wa nata mai ruwan hoda kilomita 160,000 a zubin farko daga kamfani, sannan duk bayan kilomita 80,000. Amma yawancin motocin da ke hannunmu na hannu ne, babu wanda ya san abin da aka zuba musu a baya. Wanda ya sayi irin wannan mota, gara ya wanke ya zuba sabo, ya fara ƙirga daga ranar.

Akwai alamun da ba sai an jira lokaci ba. Ruwa ya koma ruwan ƙasa ko ya yi duhu. Ana ganin ɓarɓashi yana yawo a gora. Allurar zafi a dashbod tana hawa fiye da inda ta saba tsayawa. In kuma ruwan yana raguwa kullum, wannan yoyo ne, kuma canjin ruwa ba ya maganin yoyo. Mota mai lafiya tana iya yin watanni ba ta nemi ƙari ba. Motar da ke shan buta guda kowace safiya tana gaya muku akwai inda ya huje.

Yadda ake wankewa da canzawa

Wannan aiki ne na babba ko makanike. Naku shi ne ku tsaya kusa, ku miƙa kaya, ku kalla da idon wanda ya san abin da ake yi. Kayan aiki su ne sabon kulant, tataccen ruwa mai yawa, faffaɗan roba na tarar tsohon ruwa, mazurari, filaya, safar hannu da tsumma.

Da farko a ajiye mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a bar inji ya huce sarai. Mafi kyau a yi da safe kafin a tayar da ita. Sai a buɗe murfin lagireto a hankali.

A ƙasan lagireto akwai ɗan makunni, galibi na roba. A sa robar tara a ƙarƙashinsa, a kwance shi, ruwa ya zubo. In motar ba ta da shi, sai a sassauta maɗaurin tiyon ƙasa a zare tiyon. A dubi abin da ya fito da kyau, domin shi ne zai faɗi halin da cikin injin yake.

In ya gama zuba, a mayar da makunnin, a cika da tataccen ruwa, a rufe murfi, a tayar da inji. A murɗa hitar cikin mota zuwa ƙarshen zafi. Dalili shi ne hitar ita ma ɗan ƙaramin lagireto ce a ɓoye a bayan dashbod, ruwan inji ne ke ratsa ta, kuma tsohon ruwa yana maƙalewa a ciki. A bar inji ya yi aiki har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe ruwa ya zagaya ko'ina. Sai a kashe, a jira ya huce, a sake zubarwa. Haka za a maimaita har ruwan da ke fitowa ya zama garau. In dauɗar ta yi yawa, akwai maganin wanke lagireto da ake sayarwa, a bi umarnin da ke jikinsa, a kuma ɗauraye shi tas. Garin sabulun wanki ba na wannan aiki ba ne, kumfa yake yi, yana kuma taɓa alminiyon.

A cire gorar roba a wanke ta ita ma. A duba tiyo, in ya yi laushi kamar ɗanyen fata, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, a canza. A duba robar murfi. A wanke fuskar lagireto ta waje da ruwa marar ƙarfi, domin ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji suna toshe hanyar iska.

Sai zuba sabo, a hankali, ta mazurari. Bayan an cika, sauran aiki ɗaya da mutane ke yawan tsallakewa, wato fitar da iska. Iskar da ta maƙale a cikin inji tana hana ruwa taɓa ƙarfe a wurin, wurin ya yi zafi fiye da kima ko da lagireto a cike yake. Ana tayar da inji murfi a buɗe, hita a kunne, a ga kumfa tana fitowa, ruwa yana sauka, ana ƙarawa, har kumfar ta ƙare. Wasu motocin suna da ɗan noti na musamman da ake sassautawa don wannan. Daga nan a rufe, a cika gora zuwa tsakanin layin ƙasa da na sama, a ɗan zagaya da motar ana kallon allura. Washegari da safe, inji da sanyi, a sake dubawa a cike abin da ya ragu, a kuma leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. A rubuta kwanan wata da kilomita a ajiye.

Ga lissafi ga masu son lissafi

Zubarwa ta lagireto ba ta fitar da ruwa duka, wani yana saura a jikin inji. Mu ce mota tana ɗaukar lita 6, amma lita 4 ce ta fito, lita 2 ta tataccen ruwan wanki ta rage a ciki. Ana son haɗin rabi da rabi, wato lita 3 ta mai kauri da lita 3 ta ruwa. Tunda akwai lita 2 ta ruwa a ciki, sai a zuba lita 3 ta mai kauri, a ƙara lita 1 ta ruwa. Amma in aka zuba lita 4 ta wanda aka riga aka sirka, gilaikol ɗin da ke ciki lita 2 ne kawai cikin 6, wato kashi 33 cikin 100 maimakon 50. Kun ga inda darasin kaso da kuke yi a aji yake shiga gareji.

Haɗari biyu da ba a wasa da su

Na farko ƙuna. Mun faɗa cewa ruwan da ke cikin inji mai zafi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsi. Da an buɗe murfi matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take, ya yi tsiri sama zuwa fuska da ƙirji da hannun wanda ya buɗe. Tsumma ba ya hana wannan. Ko wa ya aike ku, kada ku buɗe murfin lagireto inji da zafi. Ku ce a bari ya huce, wannan ba rashin kunya ba ne. In tsautsayi ya faru, a zuba ruwa mai sanyi a wurin na kimanin minti 20, a cire zobe ko agogo, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja, a tafi asibiti. Haka kuma a nisanta hannu da hannun riga da gyale daga fanka, domin ta lantarki tana iya tashi da kanta ko da an kashe mota.

Na biyu guba. Etilin gilaikol yana da zaƙi, ga shi da launi mai kyau kamar lemon kwalba. Ɗan kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro ya kai shi lahira, haka ma kyanwa da kare da akuya. Duniya ta ga illarsa a 2022, lokacin da yara sama da 60 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an samu wannan sinadari da ɗan'uwansa dayetilin gilaikol a ciki. Don haka kada a taɓa zuba kulant a gorar lemo ko ta ruwan sha. A ajiye shi a galan ɗinsa, a sama, inda ƙannenku ba za su kai ba. Tsohon ruwan da aka zubar a ɗura shi a jarka a rufe, a rubuta a jiki, a kai gareji. Kada a kwarara shi a kwata ko kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da galan ɗin, kada a jira alama, domin da farko yana iya zama kamar ba komai.

Dabarun gareji da ke jawo asara

Akwai al'adar da ta yaɗu a garejojinmu: da an sayo mota daga waje sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai an yi su ne don ƙasar sanyi. Masu yin haka suna nufin alheri ne, amma kamfanonin nan suna sayar da motocinsu da tamostat a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin hunturu. Kwamfutar mota kuwa muddin ta ga inji da sanyi za ta ci gaba da ƙara masa fetur. Sakamakon shi ne shan mai da saurin cinyewar inji. In mota tana zafi, a nemi ainihin dalilin: lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko famfo ya cinye, ko murfi ya saki. In tamostat ɗin ne ya cije, a sa sabo.

Haka batun fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo. Yana iya kai mutum gari na gaba, amma abin da ya toshe hujin shi ne zai toshe bututan.

In mota ta ɗau zafi a hanya

In kuna cikin mota kuka ga allura ta nufi ja, ko fitilar zafi ta kama, ku gaya wa direba nan take. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauka gefen hanya inda babu haɗari, a kashe inji. A jira aƙalla minti 30 kafin a taɓa komai. Kada a watsa wa inji ruwan sanyi, kada kuma a ɗura shi a ciki yana da zafi, domin ƙarfe mai zafi in ya ji sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa. In ya huce kuma babu kulant a kusa, ruwa mai tsabta ya fi babu, amma in an isa gida a gyara yoyon, a wanke, a zuba na ƙwarai.

Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa, yana caca ne da kan silinda. Zafi yana lanƙwasa shi, gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya ƙone. Alamunsa su ne farin hayaƙi mai yawa daga salansa, kumfa a lagireto ba ƙarewa, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Daga nan sai sauke kan inji, wani lokacin ma sai sabon inji.

Wanda wannan bayani ya ba shi sha'awa, ya sani kanikancin mota darasi ne da ake rubutawa a jarrabawar NABTEB, ana kuma koyar da shi a kwalejojin fasaha. Ba na maza kaɗai ba ne, domin tun 2004 Sandra Aguebor ta kafa shirin horar da mata kanikanci a Najeriya. Sana'ar kuma ba mai ƙarewa ba ce, don motocin lantarki da ba su shan fetur ma yawancinsu da irin wannan ruwa ake sanyaya batirinsu.

Aikin gida na wannan mako: gobe da safe, kafin a tayar da mota, ku nemi izinin Baba ko Yaya ku ɗaga bonet. Ku nemo farar gorar, ku duba ko ruwan yana tsakanin layuka biyu, ku lura da launinsa, ku karanta lambar da ke kan murfi. Sannan ku tambaya yaushe rabon da a wanke lagireton. In babu wanda ya tuna, ku nuna musu wannan shafi.